In Ji Wa? Labarin Wata Tsohuwar Kalmar Ingilishi

Akwai wata kalma a harshen Ingilishi wadda yau ba za ka ji ta a bakin kowa ba, ko a kasuwannin Landan ko a tashar BBC, amma tana nan kwance cikin ƙamus, an rubuta mata a gefe cewa tsohuwa ce. Kalmar ita ce *quoth*. Ma'anarta ba ta da wuya: "ya ce", ko "ta ce", ko "na ce". Ana furta ta kusa da "kwos", sai dai sautin ƙarshe harshe ake ɗan turawa tsakanin haƙora, kamar yadda mai tajwidi ke fitar da harafin ث na Larabci. Na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, domin a nan wajenmu Nijar idan ka ce Turanci, da yawa Faransanci za su ɗauka.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan Bahaushe da mushen kalmar wasu? Ni dai ruwana sana'ata ce. Mai karanta labarai a rediyo dillalin maganar mutane ne. Mafi yawan abin da ke fita daga bakina a labaran yamma ba nawa ba ne: minista ya ce, likita ta ce, manoma sun ce. Babu kalmar da nake mora kamar "ce". To da na gano cewa wani babban harshe ya taɓa mallakar aikatau da ke yi masa wannan aiki dare da rana, sannan ya bar shi ya mutu, ba abin da ya rage sai ƙashi guda, sai na ji ina son sanin yadda aka yi. Bin sawun kalmar kuwa ya buɗe mini ido a kan "in ji" da "wai" namu.

Asalinta yana cikin tsohon Ingilishi, harshen da ƙabilun Angil da Sakson suka shiga da shi tsibirin Birtaniya daga arewacin Jamus da yankin Danmak tun ƙarni na 5. A wancan harshe aikatau ɗin shi ne *cweðan*, wato "faɗa". Wannan harafi mai kama da "d" da aka gitta wa sanda, shi da ɗan'uwansa þ, su ne ke riƙe da sautin da yau ake rubutawa "th". A lokacin aikatau ne cikakke mai duk rassansa. *Ic cweðe* na nufin "ina faɗa", *he cwæð* "ya faɗa", *hie cwædon* "sun faɗa", *gecweden* kuma abin da aka riga aka faɗa. A fassarar Linjila da aka yi a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 10, shafi bayan shafi *cwæð* ce ke gabatar da maganar mai magana. Kalma ce ta gida da kasuwa da fada, ba ta da wani ƙamshin tsufa.

Tana cikin rukunin aikatau waɗanda ba sa neman ɗafa-ƙeya domin nuna shuɗaɗɗen lokaci, wasalin cikinsu kawai suke sauyawa. Duk wanda ya koyi Ingilishi a makaranta ya sha wahalar haddar irinsu: *give* ta koma *gave*, *speak* ta koma *spoke*. Haka *cweðan* ta ba da *cwæð*. Da tafiya ta yi tafiya *cwæð* ta zama *quath*, daga nan ta zama *quoth*. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne sautin "w" da ke gabanin wasalin ya ja leɓɓa suka tattaru, "a" ta karkata zuwa "o". Irin wannan jan leɓe ne daga baya ya sa mutanen Ingila ke rubuta *wash* da *swan* da "a" amma suke furta su da "o".

Shi kuwa "qu" na farkon kalmar, baƙo ne ya kawo shi. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Fada da kotu da manyan muƙaman coci suka koma hannun masu jin Faransanci, marubuta kuma suka riƙa rubuta Ingilishi da ƙa'idar da hannunsu ya saba. Inda mutanen ƙasa ke sa "cw" sai suka sa "qu". Ta haka *cwen*, sarauniya, ta zama *queen*, *cwic* ta zama *quick*. Sautin bai motsa ba, riga ce aka sauya masa. Mu da aka rubuta sunayen garuruwanmu da ƙa'idar Faransanci, Dogon Dutsi ta koma Dogondoutchi a kan taswira, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba.

Wanda ya buɗe littattafan Geoffrey Chaucer, mawaƙin Landan da ya rasu a 1400, zai tarar da kalmar ta sake kama: *quod*, da "d" a ƙarshe. Ba kuskuren mai kwafi ba ne. Idan an lura, tun a tsohon harshen tilo yana da "ð", jam'i yana da "d": *cwæð* da *cwædon*. Wasu masu magana suka ɗauko "d" na jam'i suka liƙa wa tilo. Dalilin da ya sa aikatau ɗaya ke da baƙi iri biyu ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, sai a shekarun 1870 wani ɗan Danmak mai suna Karl Verner ya warware shi. Ya nuna cewa a harshen kakanni, tun kafin a fara rubutu, nauyin murya a tilo yana sauka kan saiwar kalma, a jam'i kuma kan gaɓar ƙarshe, wannan bambanci ne ya sauya baƙin da ke tsakiya. Nauyin ya daɗe da komawa wuri guda, amma tabonsa ya zauna. Shi ne tabon da har gobe ke raba *was* da *were*.

Akwai wani ruɗu da kalmar ke jefa har masu harshen kansu. Tsohon Ingilishi yana da ɗafa-ƙeyar "th" da ke nuna mutum na uku a lokaci mai ci: *hath*, yana da, *doth*, yana yi, *saith*, yana cewa. Su ne suka cika fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a daidai zamanin da "s" ta arewacin Ingila ke ture su, ana komawa *has* da *does* da *says*. Da yake *quoth* ma da "th" ta ƙare, sai mutane ke ɗaukar ta ƴar gidan su *hath*, su fassara ta "yana cewa". Alhali "th" ɗinta na saiwa ne, da shi aka haife ta, kuma shuɗaɗɗen lokaci take nunawa. Kama da wane ba ta wane.

Kalmar tana da dangi a ƙetare. A ƙarni na 4 wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya fassara Baibul zuwa harshen Got, wanda yanzu babu mai jin sa a duniya. Kwafin da ya fi shahara, wanda aka rubuta da tawadar azurfa a kan fata mai launin shunayya a Italiya cikin ƙarni na 6, yana ajiye a laburaren jami'ar Uppsala ta Suwidin. A cikinsa "ya ce" ita ce *qaþ*, ƴar'uwar *cwæð* ciki ɗaya. Tsohon Jamusanci yana da *quedan*, amma Jamusancin makaranta na yau ya yar da ita. Inda ta yi tsawon rai shi ne can arewa, tsibirin Aislan. A can *kveða* na nan da ranta, ta kuma samu ɗaukaka, don ita ake faɗa wa rera dogayen waƙoƙin gargajiya da suke kira *rímur*, sannan daga saiwarta aka samu *kvæði*, wato waƙa. Kalma ɗaya, a wani gida ta zama ta mawaƙa, a wani gidan aka bar ta ta bushe.

Abin da ya kashe ta a Ingila kishiya ce. Tun farko suna zaune da wani aikatau, *secgan*, kakan *say* na yau. Aikinsu a rabe yake: *cweðan* ta fi zuwa inda za a kawo maganar mutum kamar yadda ya furta ta, *secgan* kuma ta fi zuwa inda ake ba wani labari ko sanar da shi. Sannu a hankali *say* ta shiga gonar abokiyar zamanta, ta karɓe aikin biyu. Rassan *cweðan* suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana a zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, kusan *quoth* kaɗai ta rage, ita ma a ɗaure. Ba a kore ta, ba a kai ta lokaci mai zuwa, ba a gina tambaya da ita yadda ake yi da sauran aikatau. Da mutum na farko da na uku take tafiya. Kullum ita ke gaba, mai maganar na biye: *quoth he*, *quoth I*, ba a juyawa. Kuma ba ta tsayawa ita kaɗai, dole a samu magana a gefe guda, mai maganar a ɗaya gefen, ita tana tsakiya kamar igiya.

Bahaushe da ya ji wannan siffa ya san ya taɓa ganin mai ita. Ai "in ji" ke nan. Ba ma cewa "zai in ji", ba ma cewa "bai in ji ba". Kullum tana gaban mai magana: in ji malam, in ji ta, in ji masu iya magana. Tamu ta ɗan fi tasu sakewa, tunda muna iya ce wa mutum "in ji ka". Babu wata dangantakar jini tsakanin kalmomin biyu, Hausa da Ingilishi ba gida ɗaya suka fito ba. Aiki ɗaya ne ya ba su siffa ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: kana iya cewa "an ce" ka yi shiru, jimla ta cika, ba wanda ka ambata. Amma ba ka isa ka ce "in ji" ka yi shiru ba. Nahawun kalmar da kansa ya hana ka ɓoye mai magana. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace kashe bakin mai baza labari a Hausa gajeriya ce: in ji wa?

Har a karin magana sun yi tarayya. Muna da irin karin maganar da ake kawo zance sannan a jingina shi ga wanda bai kamata ya faɗe shi ba, dariyar ta fito daga wurin jinginawar. "Ban sa a ka ba," in ji ɓarawon tagiya. "Allah suturi buƙui," in ji kishiyar mai doro. Cire "in ji" da abin da ke bayanta, sai ka ga babu sauran gishiri. Mutanen Birtaniya ma suna da wannan salo, yau masana na kiran sa da sunan Sam Weller, wani ɗan aike mai barkwanci a littafin Charles Dickens na 1836 zuwa 1837. Amma salon ya girmi Dickens nesa ba kusa ba, kuma a tsofaffin misalansa *quoth* ce igiyar. A Sikotland, inda kalmar ta gajarce ta koma *quo*, ta daɗe a bakin mutane cikin irin waɗannan karin magana bayan Landan ta manta da ita. Al'ummu biyu da ba su san juna ba sun gano abu ɗaya: nauyin magana yana ga wanda ya yi ta.

Yanzu ga wani tarko. Duk ɗan jarida ya san kalmar *quote*, wato ɗauko maganar mutum yadda ya yi ta. Ganin yadda ta yi kama da *quoth* a rubutu da furuci da ma'ana, sai a ɗauka uwa da ƴa ne. Ko kusa. *Quote* daga Latin ta fito, daga *quot*, ma'ana "nawa?" Malaman zamanin tsakiya a Turai suna da aikatau *quotare*, wato sa wa littafi lambobin babi da aya domin a san inda za a nemi abu. Da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14. Daga sa lamba aka koma ambaton inda magana take a littafi, daga nan aka kai ga kwafo maganar kanta. Ƴar'uwarta ta jini ita ce *quota*, kason da aka ƙididdige wa kowa. Ke nan *quoth* tana amsa tambayar "wa ya faɗa?", *quote* kuma asalinta tana amsa "a ina zan same shi?" Ɗan jarida na gari yana bukatar amsar duka biyun. Almajiran hadisi sun riga mu sanin haka, domin ba sa karɓar matani sai da isnadi, sannan su gaya maka littafi da babi.

Ƴar *cweðan* ta gaskiya da ke raye a Ingilishin yau wata ce daban, kuma a ofishin lauya take zaune: *bequeath*, barin wa wani abu a wasiyya. Ɗafa-goshin *be* ne aka ɗora wa *cweðan*. Da ta bi hanyar uwarta, da shuɗaɗɗen lokacinta *bequoth* ne, amma ta bi ayarin masu rinjaye ta zama *bequeathed*. Ma'anarta ta farko faɗa ce kawai, furta abu a gaban mutane. A tsohon Ingilishi kalmar *cwide* tana nufin zance, tana kuma nufin wasiyya. Dalili kuwa a Ingila ta kafin 1066 da baki ake yin wasiyya. Mai dukiya zai tara shaidu ya ce gonar kaza ta wane ce, takobina na wane ne, bawa wane na ƴanta shi. Furucin ne ke zartar da hukunci. Takardar da aka rubuta, wadda sau da yawa ake yin kwafinta biyu ko uku a ajiye ɗaya a gidan ibada, tunatarwa ce ga abin da aka ji. Wasiyyar Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, tana cikin waɗanda suka iso zamaninmu. Har akwai wata tsohuwar magana tasu, *quick and quething*, da ake siffanta wanda yake da rai kuma bakinsa bai mutu ba.

Daga baya doka ta juya wa baki baya. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ce sai a rubuce, da sa hannu, da shaidu biyu, in ban da soja a bakin daga da matuƙin jirgin ruwa a teku. Amma kalmar ba ta manta mafarinta ba. Duk lauyan da ya rubuta *bequeath* yau, "na faɗa" yake rubutawa, ko ya sani ko bai sani ba. Mu wannan bai zame mana tarihi ba tukuna. Har yanzu a gidajenmu dattijo kan kira ƴaƴansa da maƙwabci ko liman, ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya faɗi abin da ya ware cikin sulusin dukiyarsa. Waɗanda suka ji sun ɗauki kaya. Ranar rabon gado za a tambaye su, kuma idan ɗayansu ya ƙara ko ya rage, zumunci na iya tsinkewa har jikoki. A nan ne "in ji marigayi" ke da nauyin gona da gida.

Sai dai *quoth* ta haifi wata ƴar da ba ta yi halin kirki ba. A bakin talakawan Ingila *he* takan sassauta ta koma *a*, sai *quoth a* ta dunƙule ta zama *quotha* tun farkon ƙarni na 16. Ita ba ta kawo maganar mutum don a ji ta, tana maimaita ta ne don a yi mata dariya. Wani ya kira kansa mai gaskiya, sai abokin faɗansa ya cafe kalmar ya jefa masa da *quotha* a bayanta. Fassararta a Hausa ba ta bukatar ƙamus: wai! "Wai mai gaskiya!" Ita ma "wai" tamu fuska biyu gare ta. Da ita ake kawo labarin da ba a gani da ido ba, da ita kuma ake yi wa magana gatsine. Abin lura shi ne kalmar da aikinta jingina magana ga mai ita tana iya zamewa ta hanya biyu. Ko mai maganar ya ɓace a bar "an ce" da "wai" suna yawo babu uba, ko kuma mai kawo maganar ya cusa ra'ayinsa a ciki, ya yanke mata hukunci tun kafin mai sauraro ya ji ta.

Duka biyun ina karo da su a wurin aiki. Labarai da yawa da Faransanci suke iso mana, mu mayar da su Hausa cikin gaggawa. Faransancin jarida yana da wata dabara: idan ba a tabbatar da abu ba, sai a sa aikatau a siffar sharaɗi. *Le ministre aurait démissionné.* Babu wanda aka ambata, siffar aikatau ce kaɗai ke cewa a yi hattara. Mai fassara da ya yi sakaci zai ce "minista ya yi murabus", ya mayar da jita-jita labari. Wanda ya ce "wai minista ya yi murabus" kuma, rabin masu sauraro za su ji kamar ba'a yake yi. Mafita ita ce a koma a nemo wanda ya faɗa, a ce jarida kaza ce ta ruwaito, gwamnati ba ta ce komai ba tukuna. In an rasa wanda za a jingina wa, labarin bai nuna ba, a bar shi a tukunya.

Haka nan zaɓen aikatau. A makaranta an hore mu da ƙin maimaita kalma, shi ya sa alƙalami ke gudun "ya ce" sau uku a jere. Amma kowace madadinta da kayanta take zuwa. "Ya yi iƙirari" na nufin ban yarda da shi ba. "Ya amsa cewa" na nufin da ma yana da laifi. "Ya tona" na nufin abin gaskiya ne. Manyan kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AP sun fi son *said* tsurarta saboda ba ta ɗaukar ɓangare. Ga kuma wata matsala da ta keɓanta da rediyo: kunne ba ya ganin alamar zance. Mai karanta jarida yana ganin ƴan ƙugiyoyin da suka kewaye magana, mai sauraro kuwa murya ɗaya yake ji daga farko har ƙarshe. A Ingilishi ma sai a ƙarni na 18 waɗannan alamomi suka zauna da gindinsu a matsayin shingen zance. A zamanin Chaucer, da ake yawan karanta littafi a bayyane ga jama'a, *quod* ce ke gaya wa kunne cewa bakin wani ne wannan. Mu a rediyo har yau a wancan zamani muke. Shi ya sa ba na ajiye "in ji" sai ƙarshen doguwar jimla. Nakan fara da "a cewar wane", don wanda ya kama rabin jimla a kan babur ko a bakin murhu kada ya tafi da ita a matsayin maganar gidan rediyo.

A shirin da masu sauraro ke bugo waya, kullum sai an samu mai cewa an ce za a rufe iyaka, an ce kuɗin kaza zai daina aiki, an ce maganin kaza na kashe mutane. Yawanci daga saƙon murya na WhatsApp ya ji, wanda aka tura aka sake turawa har ba a san bakin farko ba. Ba na ƙaryata shi, ba na kuma gaskata shi. Nakan ce, "Malam, in ji wa?" Wani ya yi dariya, wani ya ji haushi, wani ya ce ai kowa ma ya sani. Amma akan samu wanda zai yi jim, ya ce bari ya bincika. Wannan jim ɗin shi nake nema. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya zara a rediyo, rufin gari guda ya taɓa.

Yau idan ka tambayi mai jin Ingilishi inda ya san *quoth*, mafi yawa waƙa ɗaya za su ambata, *The Raven* ta Edgar Allan Poe, marubucin Amurka, wadda aka buga a 1845. A lokacin kalmar ta riga ta tsufa, don tsufan ma ya ɗauko ta. A waƙar wani baƙin tsuntsu dangin hankaka ne ya shigo ɗakin mutumin da ke makokin masoyiyarsa, kuma kalma ɗaya tak ya iya. Duk tambayar da aka yi masa ita yake maimaitawa, mutumin kuma yana ɗaukar ta amsa, har ta ƙarasa karya masa zuciya, ko da yake shi da kansa ya yi zaton tsuntsun a bakin wani ubangida ya tsince ta. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni tsoro. Aikatau da ya ɗauki maganar sarakuna da wasiyyar mamata, ƙarshenta an fi tuna shi a jikin tsuntsu mai maimaita abin da bai san ma'anarsa ba. Duk mai zama gaban makirfo ya kamata ya tambayi kansa ko ba aikin tsuntsun nan yake yi ba.

Ingilishi bai yi asarar komai ba da mutuwar *quoth*, *said* na yi masa aiki, matasansu ma sun ƙirƙiro wasu hanyoyin kawo zance. Harshe ba ya barin gurbi a buɗe. Abin da ba ya cika kansa shi ne ɗabi'ar da ke bayan kalmar, wato ka kawo magana tare da mai ita, ba ƙari ba ragi, ka bar mai sauraro ya auna. Mu tamu "in ji" tana nan da ranta, tsoho da yaro na amfani da ita, kuma ba ta yarda a furta ta ba tare da suna ba. Maganar da wani ya yi, in ta biyo ta bakinka, amana ce kamar wasiyya. Idan ka san mai ita, ambace shi. Idan ba ka san shi ba, riƙe bakinka har ka sani.